Memphis da Kansas, 2008: laifin Calipari ne ko na 'yan wasansa?

Tambaya: Malam, ina horar da yara 'yan sakandare ƙwallon kwando. Kwanan nan na kalli bidiyon wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka ta 2008, inda Memphis ke gaba da maki tara saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, amma Kansas ta tafi da kofin. Abokaina sun ce 'yan wasa ne suka ɓarar da jifan kyauta, ni kuma ina ganin laifin koci John Calipari ne. Wa ya fi laifi, kuma me zan koya wa yarana daga wannan wasa?

Amsa:

Malam, kai da abokan naka kowa ya kama gefe guda na gaskiya, sai dai in aka ɗora a sikeli ɓangaren benci, wato koci da mataimakansa, ya fi nauyi. Ga ma'aunin da ya kamata ka riƙe. Kuskuren da hannu ya yi, kamar jifa ya daki ƙarfe ya dawo, na ɗan wasa ne, kuma ko gwani yana yin sa. Kuskuren da magana ɗaya daga bakin koci za ta hana, ko atisayen da aka maimaita tun farkon kaka, wannan na koci ne ko da ɗan wasa aka gani yana aikata shi. A mintuna biyun nan Memphis ta yi iri biyun duka, amma na biyun sun fi yawa, kuma su aka fi mantawa da su domin ba sa fitowa a takardar alƙaluman wasa.

An yi wasan ranar 7 ga Afrilu, 2008, a filin Alamodome da ke San Antonio a jihar Texas. Memphis ta shigo da nasara 38, sau ɗaya kacal aka doke ta duk kakar, Tennessee ce ta yi hakan a watan Fabrairu. Kansas ta koci Bill Self kuwa rabonta da kofin tun 1988. Kafin ka yanke wa kowa hukunci sai ka san dokokin da aka yi wasan da su, domin sun sha bamban da na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da yaranka ke bi. Zango biyu ne, kowanne minti 20. Agogon jifa, wato wa'adin da ƙungiya ke da shi ta jefa ƙwallo kwando, daƙiƙa 35 ne a lokacin, sai a 2015 aka rage shi zuwa 30. Ƙeta biyar, wato laifi irin na karo ko riƙe abokin hamayya, ke fitar da ɗan wasa. Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne ƙetar ƙungiya: daga ta bakwai zuwa ta tara a zango ɗaya, wanda aka yi wa ƙeta yana samun abin da suke kira ɗaya-da-ɗaya, wato sai ya ci jifan farko a ba shi na biyu, in ya ɓarar kuwa ƙwallo tana raye, mai rabo ka ɗauka. Daga ta goma ake ba da jifa biyu cikakku.

Abin da ya gabata kafin mintunan ƙarshe ba sai an daɗe a kai ba. Kansas ce kan gaba da 33 da 28 a hutun rabin lokaci, Derrick Rose na Memphis yana da maki uku kacal. A zango na biyu Self ya sauya tsaro, ya sa mutum huɗu su tsare yanki, ɗaya ya manne wa Chris Douglas-Roberts na Memphis duk inda ya sa ƙafa. Dabarar ta danne Douglas-Roberts na ɗan lokaci, amma ta buɗe wa Rose ƙofa, ya yi ta zuba maki har Memphis ta wuce gaba. Da Kansas ce ta sha kashi, da har yau ana yi wa Self gori da wannan shawara. Ka riƙe wannan a zuciyarka, domin shi ne babban tarkon mai sukar koci, sakamako yana wanke kuskuren wanda ya ci, ya kumbura na wanda aka ci. Akwai kuma jifan Rose da ya daki allo ya shiga wajen saura minti huɗu, aka rubuta maki uku, daga baya alƙalai suka duba bidiyo suka mayar da shi biyu saboda ƙafarsa ba ta bayan layi. Hukuncin daidai ne, ba a cuci kowa ba, amma makin nan ɗaya ka san inda aka neme shi daga baya.

Saura minti 2 da daƙiƙa 12, Memphis 60, Kansas 51, ƙwallo a hannun Kansas. Daƙiƙa 132 ke nan, kuma duk sanda ƙwallo ta shiga hannun Memphis tana da ikon cinye 35 daga ciki. Kansas, wadda jifan maki uku ya ƙi mata duk daren, tana bukatar uku a jere don ta farke kawai. Abin da ya rage wa Memphis abu uku ne: kada a ƙwace mata ƙwallo, kada ta yi ƙetar da za ta tsayar da agogo, ta ci mafi yawan jifan kyauta. Ko biyu ta cika daga cikin ukun nan da ta ɗaga kofi. Ba ta cika ko ɗaya ba.

Darrell Arthur na Kansas ya ci dogon jifa mai maki biyu, 60 da 53. Nan take, wajen da Memphis ke shigo da ƙwallo daga layin baya, Sherron Collins na Kansas ya shiga tsakani ya fizge ta, ya cece ta yana faɗawa waje, aka juyo masa da ita a kusurwa ya ci maki uku. Cikin ƙasa da rabin minti tazarar tara ta koma huɗu. A ganina nan ne bango ya fara tsagewa, kuma ba a cika yin maganar wurin ba. Wanda ya jefa ƙwallon ya yi kuskure, babu musu. Amma duk wanda ke cikin filin nan ya san matsi na zuwa, ƙungiyar da ke baya da bakwai ba ta da wata hanya. Shigo da ƙwallo ƙarƙashin matsi abu ne mai tsari. Bayan an ci ku, mai jefowa yana da ikon gudu a tsawon layin baya, to ya yi amfani da shi ya sauya kusurwar jifa maimakon ya kafe wuri ɗaya. Mai karɓa na farko kada ya tsaya jira, a yi masa shinge, wato abokin wasansa ya tare mai tsaronsa da jiki, ya taho wa ƙwallon da gudu, ya karɓe ta da hannu biyu. Kada a jefa wa wanda ke guje wa ƙwallo, kada kuma a jefa kusurwa, domin a can layin gefe da layin baya sun zama masu tsaro biyu na kyauta. A ajiye dogo a tsakiyar fili a matsayin mafita ta biyu, wani kuma ya yi nisa don ya janye mai tsaro ɗaya. In lissafin alƙali ya kai huɗu cikin biyar ba a ga kowa ba, a dokar jami'o'in Amurka mai jefowa na iya neman hutun shawara da kansa. Ba a tsara waɗannan a daren wasan ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Douglas-Roberts ya ci jifan kyauta biyu, 62 da 56, abin ya ɗan lafa. Sai ga kuskure na biyu a saura minti 1 da daƙiƙa 23. Joey Dorsey, ƙaton ɗan tsakiyar Memphis, yana ɗauke da ƙeta huɗu, ya fito can nesa da kwando don ya tare Mario Chalmers na Kansas, ya yi masa karo, alƙali ya busa. Ta biyar ke nan, ya fita. Dubi ɓarnar da wannan busa ɗaya ta yi. Agogo ya tsaya, abin da Kansas ke roƙo ke nan. Chalmers, wanda hannunsa ke da kyau a layi, ya ci maki biyu ba tare da daƙiƙa ɗaya ta tafi ba, 62 da 58. Sannan Memphis ta rasa wanda ya fi kowa cafe mata ƙwallon da ta dawo daga ƙarfe, wanda kuma ke tsare mata ƙarƙashin kwando, ta rasa shi a sauran lokacin da kuma duk ƙarin lokaci. Dorsey ɗan shekarar ƙarshe ne, ya kamata ya san cewa mai ƙeta huɗu ba ya kai ƙirji ga mai ƙwallo a wurin da ba a jifa. Amma fitowar dogo ya tare mai ƙwallo bayan shinge tsari ne na ƙungiya, an koya masa shi, ya yi ta yin sa duk kakar. Aikin benci ne, da zarar ya samu ta huɗu, a ce masa daga yanzu ka daina fitowa, ka ja baya ka tsaya kusa da kwando, mai tsaron ƙwallo ya ratsa shingen da kansa. Ana gaba da shida, in Chalmers ya cinye daƙiƙa goma yana neman jifa, riba ce ga Memphis ko da ya ci.

Yanzu ga abin da abokanka suka riƙe, kuma suna da hujja. Daga saura minti 1 da daƙiƙa 15 zuwa ƙarshen lokaci Memphis ta jefa jifan kyauta biyar, ɗaya ya shiga. Douglas-Roberts ya ɓarar da na farkon ɗaya-da-ɗaya, Arthur ya sake ci, 62 da 60. A saura daƙiƙa 16.8 Douglas-Roberts ya ɓarar da biyu a jere. Robert Dozier na Memphis ya yi namijin ƙoƙari ya cafe wadda ta dawo, aka yi wa Rose ƙeta a saura 10.8, ya ɓarar da na farko ya ci na biyu, 63 da 60. A duk wasan Memphis ta ci 12 cikin 19, Kansas ta ci 14 cikin 15. An san Memphis da wannan ciwo, wajen kashi 60 cikin ɗari take ci, tana cikin na can ƙasa a duk ƙasar, kuma 'yan jarida sun yi ta tambayar Calipari shi kuma yana cewa yaransa za su ci lokacin da ake bukata.

Amma kafin ka ce shi ke nan ciwon ne ya kashe su, duba su waye suka ɓarar. Ba Dorsey ba ne, wanda ba ya kai kashi 40. Mutum biyun da suka fi iya jifan ne a cikin masu fara wasa, kowannensu yana cin kimanin bakwai cikin goma. Wato ta wannan fuskar Calipari ya yi abin da ya dace, ƙwallo ta je hannun waɗanda ya kamata a yi wa ƙeta. Kuma a wasanni biyun da suka gabata ƙungiyar ta ci 30 cikin 36 a kan Texas, ta ci 20 cikin 23 a kan UCLA. In ka yi lissafi, mai cin bakwai cikin goma ya ɓarar da biyu a jere yana faruwa sau tara cikin ɗari, ya ci ɗaya ko babu cikin biyar kuwa wajen sau uku cikin ɗari ne. Abu ne da ba kasafai ba, ya faru a mafi munin lokaci. Wannan kason na 'yan wasa ne, da gajiya da nauyin dare, domin Rose da Douglas-Roberts kusan ba su zauna a benci ba duk wasan. Jifan kyauta daga ƙafa yake tasowa, in gwiwa ta gaji sai mutum ya rama da ƙarfin hannu, nan ne jifa ke gajarta ko ya kauce gefe.

Lissafin ɗaya-da-ɗaya ma ya cancanci ka san shi, domin shi ya sa Self ya fara ƙeta da wuri. Mai cin kashi 70 yana samar da maki 1.4 a jifa biyu, amma 1.19 a ɗaya-da-ɗaya. Mai kashi 60 yana samar da 0.96, mai kashi 40 kuwa 0.56. Ga wanda ke baya, sayen ƙwallo da maki ɗaya cikin daƙiƙa biyar ciniki ne mai kyau. Jim Valvano, kocin North Carolina State, ya yi wa Houston irin wannan a wasan ƙarshe na 1983, lokacin Hakeem Olajuwon ɗan Legas yana can: kocin Houston Guy Lewis ya rage gudun wasa yana gaba, North Carolina State ta yi ta aika su layi, suka yi ta ɓararwa, aka tashi 54 da 52.

Wasu na sukar Douglas-Roberts kan ƙetar 16.8 ɗin, suna cewa da Memphis ta samu ƙwallo ana gaba da biyu, agogon jifa ya zama ba shi da amfani, bai kamata ya nufi kwando da gudu ba, da ya janye gefe ya sa Kansas ta bi shi, a cinye ƙarin daƙiƙa huɗu ko biyar kafin a kama shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba na ɗora masa nauyi sosai. In hanya a buɗe take, tazarar huɗu ta fi daƙiƙa huɗu daraja, kuma ko ta yaya layin zai je. Dokar da za ka ba yaranka mai sauƙi ce: in babu kowa tsakaninka da kwando ka ci, in akwai ko mutum ɗaya ka juya baya da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne daƙiƙa 10.8. Ana gaba da uku, abokin hamayya zai taho daga ƙarshen fili, tsawon mita 28 da ɗoriya. Hanya biyu ce, kuma kowacce tana da masu kare ta. Ta farko, ka yi ƙeta da gangan kafin su yi jifa, ka ba su layi inda abin da za su samu bai wuce maki biyu ba. Don su farke sai abu huɗu sun haɗu: ya ci na farko, ya ɓarar da na biyu da gangan amma ƙwallo ta taɓa ƙarfe, su cafe ta, su kuma ci. Mu ƙaddara lambobi don ka ga yadda lissafin ke tafiya. A ce yana cin uku cikin huɗu, a ce suna cafe ɗaya cikin huɗu tunda masu tsaro ne ke tsaye a guraben da suka fi kusa da kwando, a ce rabin lokaci suna cin jifan da ya biyo baya. In ka ninka za ka samu kimanin tara cikin ɗari. In kuwa ka ƙaddara cewa jifan maki uku na gaggawa yana shiga sau ɗaya cikin biyar, ka ga ƙeta ta fi a takarda.

A fili kuma abin bai kai haka sauƙi ba, shi ya sa masu bin diddigin alƙaluma irin su Ken Pomeroy, da suka duba wasanni masu yawa, suka tarar bambancin hanyoyin biyu ba shi da girma. In ka yi ƙetar da wuri, a ce saura tara, za su ci biyu su dawo su yi maka ƙeta, ka koma layin da ka ɓarar da huɗu cikin biyar yanzu-yanzu. In ka makara har ya ɗauke ƙwallo zai yi jifa, ka ba shi jifa uku, ko ma maki huɗu in ta shiga. In ka rungume shi ta baya, alƙali na iya ɗaukar ta a matsayin ƙetar ganganci, jifa biyu da ƙwallo. Kuma cafe ƙwallon jifan da aka ɓarar da gangan na bukatar dogo, Dorsey kuwa yana benci. Hanya ta biyu, ka tsare ba ƙeta: mutum biyar duka su fito bakin layin maki uku, a yi musayar mutum a kowane shinge da kowace miƙa ƙwallo hannu da hannu, kada kowa ya bar nasa ya je taimako in an kutsa ciki, a bar musu maki biyu su ci in suna so.

Da Calipari ya zaɓi ta biyun, aka yi ta yadda ya kamata, Chalmers ya ci duk da haka, da sai a ce Allah ya ba Kansas. Abin da ya sa nake ɗora masa laifi shi ne Memphis ba ta yi ko ɗaya ba. Bayan wasan shi da kansa ya ce niyyarsu su yi ƙeta, Collins ne ya kufce musu. To duba bidiyon. Collins ya riƙe ƙwallo daƙiƙa biyar zuwa shida, ya ratsa tsakiyar fili, Rose yana gudu a gefensa, an ɗan goga jiki amma ba irin wanda alƙali zai busa wa a wasan ƙarshe ba. Collins ya yi tuntuɓe, ya tura wa Chalmers ƙwallo a ɓangaren dama, Chalmers ya buga ta ƙasa sau ɗaya zuwa hagu, ya tashi ya jefa ta saman hannun Rose. Ta shiga saura 2.1, 63 da 63. Wanda ya ƙuduri yin ƙeta ba haka yake tafiya ba, yana shan gaban mai ƙwallo ya kai hannu. Yadda Rose ya yi gudu ya nuna mutumin da ke tsakanin umarni biyu. In koci ya ce a yi abu, mutum biyar ba su yi ba, to saƙon bai isa ba, ko kuma ba a taɓa gwada shi a atisaye har ya zama jiki ba.

Kuma Calipari yana da sauran hutun shawara a hannu. Bayan jifan Rose na biyu ya shiga yana da damar tsayar da wasa, ya tara yaran, ya ce wane kai za ka yi ƙetar, a daidai tsakiyar fili, in agogo ya sauka ƙasa da shida, sauran ku ga wanda kowa zai riƙe. Hujjar masu kare shi ita ce hutun zai ba Self damar zana dabara. Hujjar tana da ƙarfi a wasu wasannin, a nan ba ta da shi, domin Kansas ba ta bukatar zane. Tsarin da suka yi, wanda suke kira Chop, abu ne da suka daɗe suna maimaitawa don irin wannan lokaci, kowa ya san inda zai tsaya ba tare da ya waiwayi benci ba. Ƙungiyar da ke cikin ruɗu, wadda ta ga tazarar tara ta narke, ita ke bukatar a tsaya a yi numfashi. Kansas ta ci jifan maki uku sau uku kacal cikin 12 a daren, biyu daga ciki a mintuna biyun nan.

Ko bayan an farke akwai saura. A dokarsu agogo yana tsayawa bayan an ci a mintin ƙarshe, don haka 2.1 ɗin tana nan cif. Ba a nemi hutu ba, aka shigo da ƙwallo da gaggawa, Dozier ya wurga daga wajen tsakiyar fili bai samu ba. Daƙiƙa 2.1 ba kaɗan ba ce ga wanda ya shirya. Daidai wannan adadin ne ya rage wa Duke a kan Kentucky a 1992, suka yi shawara, Grant Hill ya jefa doguwar ƙwallo daga layin baya, Christian Laettner ya cafe, ya buga ƙasa sau ɗaya, ya juya ya ci, 104 da 103. Har yau ana sukar Rick Pitino, kocin Kentucky na lokacin, da bai sa kowa ya tsaya gaban Hill ba. A ƙarin lokaci Kansas ta ci maki shida na farko, duk daga kusa da kwandon da Dorsey ya bari, aka tashi 75 da 68. Kada wannan ya sa ka raina Calipari, a 2012 ya ɗauki kofin da Kentucky, kuma Kansas ɗin Self ya doke a wasan ƙarshe. In ka je neman wannan kaka ta Memphis a kundin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, za ka tarar an soke nasarorin 38 a 2009 saboda matsalar sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta Rose, amma wannan wani zance ne daban.

Game da yaranka, fara da yadda kuke kallon bidiyo. Ka riƙa tsayar da shi kafin a ga sakamako. Misali a daidai sanda jifan Rose na biyu ya shiga, ka tsayar, ka sa kowane yaro ya faɗi maki nawa, saura nawa, ƙetar kowace ƙungiya nawa, hutu nawa ya rage wa kowa, wa ke da ƙeta huɗu, sannan ya faɗi abin da zai yi. Wanda bai san waɗannan ba bai isa ya soki koci ba, a fili kuma shi ne mai jawo asara. Chris Webber na Michigan ya nemi hutun da ƙungiyarsa ba ta da shi a wasan ƙarshe na 1993, ana bayansu da biyu saura daƙiƙa 11, aka ba North Carolina jifa da ƙwallo. Ka naɗa mataimaki ɗaya, ko yaro ɗaya a benci, wanda aikinsa ke nan, duk sanda aka tsaya ya faɗa da ƙarfi hutu nawa ya rage da ƙeta nawa.

Ka ware minti goma na ƙarshen kowane atisaye don yanayi ɗaya, da agogo na gaske da mai busa usur: muna gaba da uku saura goma, muna gaba da shida saura minti ɗaya da rabi ana matsa mana, muna baya da biyu saura uku. A ƙarshen atisaye fa, lokacin da ƙafa ta mutu. Jifan kyauta ma haka, kada ka bar yaro ya tsaya ya jefa hamsin a jere yana hira. Ya yi gudun fili sau biyu, ya zo ya jefa biyu, in ya ɓarar duk ƙungiya ta sake gudu. Ƙetar da ake yi don dabara kafin jifa kuwa sai an koyar da ita kamar yadda ake koyar da jifa. Ku zaɓi kalma ɗaya da za ka kira daga benci wadda abokan hamayya ba su san ma'anarta ba. Mai yin ta ya sha gaban mai ƙwallo, ya kai hannu ɗaya yana neman ƙwallon ta kan damtsensa, a lokacin da ƙwallo ke kan hanyar sauka ƙasa, a kusa da tsakiyar fili, tsakanin saura shida da saura uku. In mai ƙwallo ya riga ya haɗa hannu biyu a kanta, lokaci ya wuce, a ɗaga hannu sama kawai. Bayan busa, dogaye biyu su shiga guraben ƙasa, mutum ɗaya ya tare mai jifan da bayansa.

Sai dai kada ka kwafi lissafin Amurka kai tsaye, dokar FIBA ta sauya abubuwa da dama. Babu ɗaya-da-ɗaya, daga ƙeta ta biyar a kowane zango na minti goma jifa biyu ne, don haka yin ƙeta don a kamo wanda ke gaba ya fi tsada a wurinku. Agogon jifa 24 ne, wanda ke gaba ba zai iya cinye lokaci kamar yadda Memphis za ta iya ba, tazarar tara a saura minti biyu ta fi rauni. Ɗan wasa ba ya neman hutu, kai ne za ka nema a teburin alƙalai, kuma ba a ba ka sai wasa ya tsaya ko an ci ku, wato mai jefowa da ya rasa wanda zai ba ba shi da wannan mafitar, dole tsarin shigo da ƙwallonka ya kasance da hanya ta uku. Hutu uku kake da su a rabi na biyu, amma biyu kawai za ka iya amfani da su a mintuna biyun ƙarshe. A cikin mintuna biyun nan kuma, ƙungiyar da ke da ƙwallo in ta nemi hutu tana iya shigo da ita daga gaban fili. Wannan ya taɓa batun ƙeta sosai, domin tafiyar daƙiƙa biyar da Collins ya yi, wadda ita ce damar yin ƙeta cikin kwanciyar hankali, ba za ka same ta ba, mai karɓa yana iya juyowa ya jefa nan take. In kai ne mai tsaro ka nemi hutu bayan jifan kyautarku na ƙarshe ya shiga, hakan ba ya ba su ikon matsowa gaba, sai in su ma sun nemi nasu. Ka ja wa yaran kunne kada su taɓa kowa kafin ƙwallo ta bar hannun mai jefowa, domin a mintuna biyun ƙarshe hukuncin wannan ya haɗa da jifan kyauta, kuma ƙwallo ta ci gaba da zama a hannun waɗanda aka yi wa ƙetar.